Tasirin Horon Duka a Kan Halayyar Yara

1.0 Gabatarwa

Tarbiyyar yara na daga cikin manyan nauye-nauyen da al'ummar Hausawa ta ɗora wa iyaye. Burin kowane uba da kowace uwa shi ne ɗansu ya tashi ya zama mutumin kirki. A shekarar 1974, masanin nan Anthony Kirk-Greene ya zayyana siffofi goma da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Domin cusa waɗannan siffofi a zukatan yara, iyaye kan bi hanyoyi daban-daban, kamar nasiha da tatsuniya da yabo da harara da faɗa da kuma duka. Wannan babi ya keɓanta ne ga hanya ta ƙarshe. Za a duba ma'anar horon duka, da matsayinsa a al'adar Hausawa, da abin da bincike ya gano game da tasirinsa a kan halayyar yaro, sannan matsayin addini da doka a kansa. Sanin wannan ya zama dole ga mai shirin zama malami, domin duk yaron da ya shigo aji yana ɗauke da gurbin irin tarbiyyar da ya samu a gida, kuma shi kansa malamin a matsayin uba yake muddin yaro na hannunsa.

2.0 Ma'anar Horo da Dangoginsa

Kalmar "horo" tana ɗauke da ma'anoni biyu a Hausa. Ma'ana ta farko ita ce koyarwa da sabarwa, kamar yadda ake cewa an horar da malamai ko an hori doki. Ma'ana ta biyu ita ce hukunta mai laifi. Haɗuwar waɗannan ma'anoni a kalma guda ta sa mutane da yawa suna ɗaukar koyarwa da hukuntawa tamkar abu ɗaya ne. Haka kuma kalmar "ladabtarwa", wadda asalinta koyar da ladabi ne, a yau idan aka ce an ladabtar da yaro, abin da ke fara zuwa wa mai sauraro shi ne an doke shi. Ita kuwa "tarbiyya", wadda aka aro daga Larabci, ta fi su faɗi, domin ta ƙunshi reno da ciyarwa da ilmantarwa da gyaran hali baki ɗaya.

A shekarar 2006, Kwamitin Kare Haƙƙin Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana horon duka a matsayin duk wani hukunci da aka yi amfani da ƙarfin jiki a cikinsa da niyyar sa yaro ya ji zafi ko wahala, komai ƙanƙantarsa. Bisa wannan ma'ana, za a iya kasa horon da ake yi wa yara a ƙasar Hausa gida uku:

(a) Wanda ake yi da hannu ko ƙafa, kamar mari da ranƙwashi da mintsini da dundu da murɗe kunne da shuri.

(b) Wanda ake yi da wani abu, kamar tsumagiya da dorina da bel da wayar wuta da takalmi da muciya.

(c) Wanda ake tilasta wa yaro ya wahalar da jikinsa, kamar kamun kunne da tsallen kwaɗo da durƙuso a rana, wato abin da ake kira gwale-gwale.

Yawan kalmomin aikatau da suka shafi duka, irin su zane da tsala da zabga da shauɗa da jibga da lakaɗa, shaida ne na yadda abin ya samu gindin zama a rayuwar yau da kullum.

3.0 Matsayin Duka a Tarbiyyar Hausawa

Masu goyon bayan duka sukan kafa hujja da karin magana, musamman "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" da "ka ƙi naka duniya ta so shi" da kuma "jiki magayi". A ganinsu, yaron da ba a taɓa jikinsa zai sangarce, ya zama abin kunya ga danginsa. Akwai ma camfin da wasu ke yaɗawa cewa duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci wurin ba. Sai dai idan aka lura da kyau, karin maganar farko ta yi batun tanƙwarawa ne, aikin da ke buƙatar lallashi da sannu, domin iccen da aka yi wa ƙarfi karyewa yake yi.

Bugu da ƙari, tarbiyyar gargajiya ba ta rataya a kan duka kaɗai ba. A gidan gandu, yaro yana tashi ne a tsakanin kakanni da baffanni da gwaggwanni da kawunnai, kowa da irin rawar da yake takawa. Kaka kan zama mafaka idan uba ya fusata, alkunya kan hana iyaye yawan sa baki a sha'anin ɗan fari, tatsuniyar dare kuma kan nuna wa yaro ƙarshen mai haɗama da mai ƙin jin magana. Haka nan, ba dukkan Hausawa ne suka ɗauki duka al'ada ba. A wani nazari da Murray Last ya wallafa a shekarar 2000, ya nuna cewa Maguzawa ba su yarda a doki 'ya'yansu ba, alhali mazauna birane sun amince da shi a gida da makarantar allo. Wannan ya nuna cewa a cikin al'umma guda mai harshe guda ana iya samun hanyoyin reno mabambanta.

A yau tsarin gandu ya yi rauni, musamman a birane, inda mata da miji da 'ya'yansu kan zauna a ɗaki ɗaya ko biyu na haya, ba kaka ba gwaggo. Idan uba ya dawo da gajiya da ɓacin ran kasuwa, babu mai riƙe masa hannu. Wato ke nan, dukan ya wanzu, amma shingayen da ke rage kaifinsa sun ragu.

4.0 Yawaitar Horon Duka a Nijeriya

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2014, tare da tallafin Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gano cewa kimanin yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma kusan rabin yaran sun fuskanci na jiki. Wani binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a tsakanin 2016 da 2017 ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na yara 'yan shekara 1 zuwa 14 an hore su da duka ko tsawa da zagi a cikin wata guda kafin binciken. Ma'anar waɗannan alƙaluma ga malami ita ce, mafi yawan yaran da zai tarar a ajinsa sun san bulala tun kafin su san alli.

5.0 Tasirin Duka a Kan Halayyar Yaro

A shekarar 2002, wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka mai suna Elizabeth Gershoff ta tattaro sakamakon bincike 88 da aka yi a kan wannan batu. A shekarar 2016 kuma, ita da Andrew Grogan-Kaylor suka sake tattaro bincike 75 da suka shafi yara sama da 160,000. A shekarar 2021, mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa nazarin bincike 69 waɗanda suka bi diddigin yara na tsawon lokaci. Dukkan waɗannan ayyuka sun fuskanci alƙibla ɗaya, kuma za a iya taƙaita abin da suka gano kamar haka.

5.1 Biyayya ta Ɗan Lokaci

Amfani ɗaya da nazarin 2002 ya samu tattare da duka shi ne yana sa yaro ya daina abin da yake yi nan take. Wannan ne ma dalilin da ya sa iyaye ke ganin yana aiki. Amma tun da daɗewa B. F. Skinner ya bayyana cewa hukunci danne hali yake yi na wani lokaci, ba ya koyar da halin da ya kamata a maye gurbinsa da shi. Yaron da aka doka don ya ɗauki nama a tukunya ya koyi cewa ɗaukar nama a gaban uwa yana jawo zafi. Bai koyi dalilin da ya sa ɗaukar abin da ba a ba shi ba ya zama aibi ba. Saboda haka ladabinsa ya dogara ne ga idon mai bulala, da zarar an ba da baya sai ya koma gidan jiya.

5.2 Zafin Rai da Yawan Faɗa

A shekarar 1961, Albert Bandura ya gwada wasu yara ƙanana, inda ya bar wasunsu suka kalli babban mutum yana dukan wata 'yar tsana. Da aka bar yaran da 'yar tsanar, waɗanda suka kalli dukan sun fi sauran kwaikwayonsa. Wannan ya yi daidai da abin da Bahaushe ya daɗe da lura da shi, cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ya mari ɗansa don ya doki ƙanensa ya ba shi darasi biyu masu karo da juna: bakinsa ya ce duka ba kyau, hannunsa kuma ya ce babba yana da ikon dukan ƙarami idan ransa ya ɓaci. Yaro kuwa ya fi riƙe abin da ya gani a kan abin da ya ji. Shi ya sa ake yawan ganin irin waɗannan yara suna cin zalin na ƙasa da su a makaranta, wasu kuma su ɗauki halin har zuwa gidajen aurensu.

5.3 Ƙarya da Ɓoye Laifi

Idan faɗin gaskiya zai jawo bulala, yaro zai nemi mafita a wajen ƙarya. A shekarar 2011, Victoria Talwar da Kang Lee sun wallafa binciken da suka yi a makarantu biyu na wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka a cikinta, ɗaya ba a yi. An hana yara 'yan shekara uku zuwa huɗu leƙa wani abin wasa, sannan aka fita aka bar su. Mafi yawan yaran makarantun biyu sun leƙa. Da aka tambaye su, kusan dukkan waɗanda suka leƙa a makarantar da ake duka sun musa, alhali kaɗan fiye da rabi ne suka musa a ɗayar. Haka kuma yaran makarantar duka sun fi gwanintar kare ƙaryarsu idan aka bi su da tambayoyi. Tun ƙarnuka shida da suka wuce Ibn Khaldun ya yi irin wannan bayani a littafinsa Muƙaddima, wanda ya rubuta a 1377, inda ya nuna cewa tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa karsashi, ta jefa shi cikin kasala, ta koya masa ƙarya da yaudara saboda tsoron hannun da ke kansa.

5.4 Kangara

Jiki yana sabawa da zafi. Bulala biyu da ta razana yaro a bara ba za ta motsa shi bana ba, sai a ƙara ta zama biyar, daga tsumagiya a koma dorina. A ƙarshe sai a ji iyaye suna cewa yaro ya yi kunnen ƙashi, ko ya gagari kowa. Daga nan ne wasu kan miƙa 'ya'yansu gidajen mari. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda sun fitar da mutane sama da 300, ciki har da yara, daga wani irin wannan gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da dama daga cikinsu ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabo. Irin wannan ƙarshe yakan faro ne daga tunanin cewa maganin dukan da bai yi aiki ba shi ne ƙarin duka.

5.5 Tsoro da Koma-bayan Karatu

Ba kowane yaro ne ke kangarewa ba. Wasu sukan koma shiru-shiru, su riƙa firgita, su raina kansu. Idan mutum ya tsorata, jikinsa kan saki sinadarai irin su kotisol domin shirin gudu ko kare kai. Yawaitar wannan yanayi yana dagula natsuwa da riƙe abin da aka koya. Malami zai iya gane irin wannan yaro: yakan kare fuskarsa idan aka ɗaga hannu kusa da shi, ba ya tambaya, ba ya amsawa ko da ya sani, domin a wurinsa kuskure da zafi tagwaye ne. Alhali kuwa koyon karatu da rubutu ba ya yiwuwa sai da gwaji da kuskure da gyara.

5.6 Raunin Dangantaka da Raunin Jiki

Yaron da ke tsoron iyayensa ba ya kai musu kukansa. Idan wani ya ci zarafinsa a waje, ko abokai suka fara jansa zuwa shaye-shaye, zai ɓoye don gudun duka, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta fuskar jiki kuwa, mari na iya fasa dodon kunne, bakin bulala na iya tsiyayar da ido, jijjiga jariri da ƙarfi na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Yawancin iyayen da suka nakasa 'ya'yansu ba su yi niyyar haka ba, fushi ne ya ɗebe su a tsakiyar horo.

6.0 Saɓanin Masana

Akwai masanan da suka yi wa waɗannan sakamako gyara. Diana Baumrind da Robert Larzelere sun yi nuni da cewa wasu binciken sun cakuɗa ɗan bugu mai sauƙi da duka mai tsanani, kuma mai yiwuwa ne ƙiriniyar yaro ce ke jawo masa duka tun farko. Wannan ƙorafi ne ya sa binciken baya-bayan nan ke auna halin yaro kafin a fara dukansa, sannan a bi shi shekaru. Abin da aka samu shi ne, ko da an yi la'akari da halinsa na farko, matsalolin ɗabi'a kan ƙaru ne bayan duka. Wasu kuma sun ce illar ta taƙaita ga al'ummun da ba su saba da duka ba. A shekarar 2005, Jennifer Lansford da abokan aikinta sun gwada wannan a ƙasashe shida, wato Sin da Indiya da Italiya da Kenya da Filifin da Tailan. Sun gano cewa inda aka ɗauki duka al'ada illarsa takan ragu, amma ba ta gushewa.

Game da masu cewa an doke su kuma ga shi sun zama mutanen kirki, ya kamata a lura cewa binciken yana magana ne a kan ƙaruwar haɗari a tsakanin jama'a masu yawa. Ba kowane wanda aka doka ne ke lalacewa ba, musamman idan ya samu ƙauna da kulawa da kyakkyawan misali a gida. Tambayar da ta rage ita ce, shin dukan ne ya gyara shi ko waɗancan abubuwan?

7.0 Matsayin Addini da Doka

Ya tabbata a hadisin Nana A'isha cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba, kuma Anas ɗan Malik, wanda ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya ba da labarin cewa bai taɓa yi masa tsawa ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito game da salla ya sa umurni a shekara bakwai, bugu kuma a shekara goma, wato an ba da shekara uku cur na koyarwa da haƙuri. Malaman fiƙihu sun gindaya sharuɗɗa: kada a taɓa fuska, kada a ji rauni, kada a yi cikin fushi. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 870, ya iyakance wa malami bulala uku, ba zai wuce ba sai da izinin uba. Imam Gazali kuwa ya ba da shawarar a yaba wa yaro a bainar jama'a idan ya kyautata, a kau da kai daga kuskurensa na farko, idan ya maimaita a yi masa faɗa a asirce. Idan aka auna dukan da ake yi a gidaje da yawa da waɗannan sharuɗɗa, za a ga ya yi hannun riga da su.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 a shekarar 1991, kuma ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, wadda ta haramta azabtar da yaro da wulaƙanta shi. Sai dai sashe na 55 na kundin Final Kod, wanda aka fara aiki da shi a Arewa a 1960, ya bar wa iyaye da malamai damar horon yaron da bai kai shekara 18 ba, matuƙar ba a yi masa mummunan rauni ba. A duniya kuwa, ƙasar Suwidin ce ta fara haramta dukan yara har a cikin gida a 1979, kuma ƙasashe sama da 60 sun bi sahunta, ciki har da Togo da Kenya da Benin da Afirka ta Kudu.

8.0 Hanyoyin da Za Su Maye Gurbin Duka

Barin duka ba ya nufin sakin yaro ya yi abin da ya ga dama. Nazarin Baumrind na shekarun 1960 ya nuna cewa yaran da suka fi natsuwa su ne na iyayen da suka haɗa tsayuwa a kan doka da nuna ƙauna da bayyana dalili. Daga cikin hanyoyin da iyaye da malamai za su iya bi akwai:

(a) Kafa dokoki kaɗan masu sauƙin fahimta, a kuma tsaya a kansu kullum.

(b) Yaba kyakkyawan hali a lokacin da aka gan shi, tare da ambaton abin da aka yaba.

(c) Haɗa hukunci da laifi: wanda ya zubar ya share, wanda ya yaga littafin wani ya gyara ko ya biya.

(d) Hana yaro wani abin da yake so na ɗan lokaci, kamar fita wasa, ban da abinci da barci.

(e) Jinkirta hukunci har fushi ya huce, da yin faɗa a keɓe.

(f) Binciken dalilin laifi, domin yunwa da rashin barci da raunin ji ko gani kan fito da siffar taurin kai.

9.0 Rawar da Malami Zai Taka

Malami yana da damar da ba kowa ke da ita ba. Da farko, ya kamata ajinsa ya zama wurin da yaro zai yi kuskure a gyara masa ba tare da fargaba ba. Na biyu, ya san irin ƙarar da zai kai wa iyaye, domin wani rahoton kan zame wa yaro daren azaba. Ya fi kyau ya fara da abin yabo, sannan ya kawo matsalar tare da shawarar gyara. Na uku, idan ya ga tabo ko rauni mai tayar da hankali, ya sanar da shugaban makaranta domin a bi matakin da ya dace. Na huɗu, ya yi amfani da taron iyaye da malamai wajen wayar da kai cikin ladabi, ba tare da kunyata kowa ba. Malamin Hausa kuma yana da ƙarin makami, wato tatsuniya da karin magana da wasan kwaikwayo, waɗanda da su ne magabata suka gina halayen 'ya'yansu.

10.0 Kammalawa

An ga cewa duka yana samar da biyayyar nan take, amma yana da alaƙa da zafin rai da ƙarya da kangara da tsoro da raunin dangantaka tsakanin yaro da iyayensa. An kuma ga cewa al'ada da addini sun tanadi hanyoyin gyara da suka gabaci bulala. Siffofin mutumin kirki, irin su gaskiya da amana da haƙuri, halaye ne da ake so mutum ya riƙe ko da babu mai ganinsa, kuma irin waɗannan halaye ta hanyar fahimta da koyi da na gaba suke shiga zuciya.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana ma'anoni biyu na kalmar "horo", ka nuna yadda suka shafi fahimtar iyaye game da tarbiyya.

2. Kawo illoli huɗu na horon duka, tare da misali daga rayuwar aji ga kowace ɗaya.

3. Tattauna sharuɗɗan da malaman Musulunci suka gindaya game da bugun yaro.

4. Tattaro karin magana biyar da suka shafi tarbiyya, ka yi sharhi a kan saƙon kowace.